Shekarar Farko Ta 'Yan Matan Abuja A Babbar Gasar Ƙwallo: Ina Aka Baro Kontagora?

Duk wanda ya ratsa garin Kontagora da la'asar sakaliya ba ya bukatar a gaya masa cewa mutanen garin masu son ƙwallon ƙafa ne. Kowane fili na makarantar firamare, kowace 'yar sarari da ke bayan unguwa, za ka tarar da samari sun kafa duwatsu biyu a matsayin raga, ƙura na tashi, ana ta ihu. Da dare kuwa sai gidajen kallon ƙwallo su cika maƙil, inda yaro ɗan shekara goma zai lissafa maka 'yan wasan Ingila da na Sifen ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Amma ka tambayi wannan yaro sunan kulob guda na mata a Nijeriya, sai ya tsaya yana kallonka, ko kuwa ya fashe da dariya.

Alhali kuwa ba nisa da nan, a Abuja, wani kulob na 'yan mata ya yi abin da ya isa a ba da labarinsa. Abuja dai ba baƙuwa ba ce ga mutumin Jihar Neja, domin mafi yawan ƙasar da aka keɓe wa Babban Birnin Tarayya a shekarar 1976 daga tsohon Lardin Neja aka yanko ta, har sunan ma na tsohon garin Abuja ne, wanda ya koma ana kiransa Suleja. To, a wannan birni ne kulob ɗin Naija Ratels ya taso, ya shiga babbar gasar ƙwallon mata ta ƙasa a karo na farko a kakar wasa ta 2021 zuwa 2022, kuma bai bar kakar ta ƙare ba sai da ya zauna a sahun kulob shida da suka fi kowa a ƙasar nan.

SUNA LINZAMI

Kalmar da ke cikin sunan kulob ɗin, wato Ratel, ba wata aba ba ce illa dabbar nan da Bahaushe ke kira dage. Maharba sun san shi sarai: ga shi ɗan ƙarami, gajeren ƙafa, amma fatarsa kamar ƙirgi, ba ya gudun harbin zuma in ya ƙyalla ido ya ga saƙa, ba ya kuma ja da baya don abokin karawarsa ya fi shi girma. Wanda ya raɗa wa kulob ɗin wannan suna ya san abin da yake nufi, kuma sai aka yi dace sunan ya zo daidai da Hausa, domin abin da 'yan matan suka yi a shekarar nan shi ne dagewa.

Wani lauya ne, Barista Paul Edeh, ya kafa kulob ɗin, ba gwamnati ba. Wannan kuwa ba ƙaramin bambanci ba ne, domin yawancin manyan ƙungiyoyin mata na ƙasar nan gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su, su ne ke biyan albashi, su sayi mota, su ba da filin wasa. Kulob ɗin da mutum ɗaya ya kafa kuwa, kome daga aljihunsa ne da na 'yan abokan arziki, tun daga takalmi har kuɗin man mota. Da yake ba shi da ƙarfin da zai yi gogayya da gwamnatoci wajen sayen 'yan wasan da suka riga suka yi suna, sai kulob ɗin ya bi wata hanya dabam: ya tattaro yara mata masu ƙananan shekaru, ya damƙa su a hannun mai horarwa Bankole Olowookere, aka shiga koya masu wasa tun daga tushe.

TSANI MAI HAWA UKU

Don mai karatu ya fahimci girman abin, ya kamata ya san yadda aka tsara gasar a lokacin. Hukumar shirya gasar ƙwallon mata ta Nijeriya, wadda Aisha Falode ke shugabanta a wancan lokaci, ta kasa ƙungiyoyi hawa uku. Akwai na ƙasa inda sababbin shiga ke farawa, akwai na tsakiya, sa'an nan akwai na ƙoli, wato rukunin Firimiya. Ba a tsallake hawa. Kowace shekara waɗanda suka fi ƙwazo a rukuni na biyu su hau, waɗanda suka zo ƙarshe a Firimiya kuma su gangaro su ba su wuri. A shekarar 2021 Naija Ratels ta sami hawa, ita da Adamawa Queens ta Yola, sai dai ita ta Yola dawowa ta yi gidan da ta sani, ita kuwa ta Abuja ko ƙofar ba ta taɓa leƙawa ba.

Ƙungiyoyi 14 ne suka shiga gasar da aka soma a watan Disamba na 2021. Aka raba su gida biyu, bakwai-bakwai. Kowace ƙungiya za ta kara da sauran shida na rukuninta sau biyu, sau ɗaya a gida sau ɗaya a waje, wasa 12 ke nan. Wanda ya ci wasa ya sami maki uku, in an yi kunnen doki kowa ya tashi da ɗaya, wanda aka cinye kuwa ya koma gida hannu rabbana. Uku na sama daga kowane rukuni su ne za su haɗu a wuri guda a yi ta ta ƙare, wato zagayen da ake kira Super Six, inda a nan ne ake fitar da zakara.

Masu bin ƙwallo sun san abin da aka saba gani game da sabon hawa. Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana. Kulob ya sha wahala ya hau, a yi ta murna ana kaɗe-kaɗe, kafin shekara ta zagayo an yi masa ruwan ƙwallaye ya koma inda ya fito. Saboda haka burin kowane sabon shiga a shekararsa ta farko guda ɗaya ne tak: kada a kore shi. Zancen shiga cikin shida na ƙarshe kuwa, ko a mafarki ba kasafai ake kawo shi ba.

MANYAN DAWA

Dalili kuwa shi ne, waɗanda ke zaune a wannan rukuni ba kanwar lasa ba ne. Tun shekarar 1990 aka soma gasar mata ta ƙasa, kuma Jegede Babes ta Ikko, wadda Gimbiya Bola Jegede ta kafa, ita ce ta fara ɗaukar kofin. Bayanta aka yi zamanin Ufuoma Babes ta Warri, aka yi na Pelican Stars ta Kalaba wadda ta daɗe tana jan zarenta, sa'an nan Delta Queens, da Bayelsa Queens, da Rivers Angels ta Fatakwal suka karɓi ragama. Daga Arewa kuwa, Nasarawa Amazons ta Lafiya ce ta taɓa kai hannu ga kofin, a 2013 da kuma 2017.

Waɗannan ƙungiyoyi su ne rumbun da ake ɗibar 'yan wasan ƙasa, wato Super Falcons. 'Yar wasan da ta buga wa Nijeriya a ƙasashen waje, ta saba da taron jama'a, ta san duk dabarun ɓata lokaci da na tsokanar abokiyar karawa, ita ce za a haɗa da yarinyar da bara waccan take makarantar sakandare. A rukuni na biyu in 'yar baya ta yi kuskure sau uku, wataƙila a ci ta sau ɗaya. A Firimiya kuwa kuskure ɗaya ya isa, kafin ta waiwaya ƙwallo na cikin raga.

Akwai kuma wani darasi a cikin tarihin da bai kamata a manta ba. Ƙungiyoyin farko da suka ɗora harsashin wasan, irin su Jegede Babes da Ufuoma Babes da Omidiran Babes, na mutane ne masu zaman kansu, kuma sannu a hankali duk suka ɓace daga fagen, suka bar wa na gwamnati. Riƙon kulob rami ne mai cin kuɗi ba ya ƙoshi. FC Robo ta Ikko tana cikin 'yan kaɗan da suka jure, kuma ita ce ta reni Asisat Oshoala da Rasheedat Ajibade. Hanyar da ta bi, wato renon yara maimakon sayen manya, ita ce Naija Ratels ta ɗauka.

ABIN DA 'YAN KALLO BA SU GANI

Mai kallo minti 90 kawai yake gani. Ba ya ganin kwana biyu ko uku da aka ɓata a kan hanya. Yawancin ƙungiyoyin gasar a Kudu suke, saboda haka kulob ɗin da ke Abuja, balle wanda ke Yola, kusan duk wasansa na waje tafiya ce ta yini guda cur a cikin bas, a bi ta Lakwaja a gangara kurmi, ga ramuka, ga shingayen bincike, ga fargabar dare. A isa a gajiye, ƙafafu sun kumbura, a kwana a masauki mai araha, gobe da yamma a shiga fili da mutanen da suka kwana a gadajensu. Da an tashi kuma a kama hanyar komowa, domin wani wasan na jira a mako mai zuwa.

Bayan wannan ga albashi, ga abinci, ga magani in 'yar wasa ta ji rauni, ga kuɗin rajista da sharuɗɗan da hukuma ke gindayawa kafin a yarda kulob ya shiga gasa. Kuɗin ƙofa kuwa ba abin dogaro ba ne, domin 'yan kallon wasan mata ba su taka kara sun karya ba. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, jaridu sun sha ba da labarin 'yan wasa mata da suka yi watanni ba su ga albashi ba, har a ƙungiyoyin da ke da gwamnati a bayansu. In haka ta faru ga mai uwa a gindin murhu, to, ina ga maraya?

A cikin wannan hali ne 'yan matan Abuja suka yi ta tsintar maki, yau uku, gobe ɗaya, har aka wayi gari lissafi ya nuna suna cikin uku na saman rukuninsu. Abin da ƙuruciya ta rage masu na wayo, ta biya su da gudu da numfashi da rashin tsoro. Yarinyar da ba ta san girman sunan wadda ke gabanta ba, ba ta san ta ji tsoronta ba.

TARON BENIN

A watan Mayu na 2022 aka hallara a birnin Benin na Jihar Edo domin zagayen ƙarshe. Ga Bayelsa Queens, ga Rivers Angels, ga Delta Queens, ga Nasarawa Amazons, ga masu masauki Edo Queens, sai kuma auta, Naija Ratels. Biyar ɗin farko duk na gwamnatocin jihohi ne. A irin wannan zagaye kowa zai kara da kowa, wasa biyar-biyar a cikin 'yan kwanaki, babu isasshen hutu, saboda haka kulob mai yawan ƙwararru a benci shi ke da riba. A nan ne tsohon hannu ya nuna kansa. Bayelsa Queens ce ta ɗauki kofin, ta kuma wuce ta wakilci Nijeriya a gasar zakarun kulob-kulob na matan Afirka da aka yi a Maroko a ƙarshen shekarar, inda ta zo ta uku.

Naija Ratels ba ta koma Abuja da kofi ba, amma ta koma da abin da kuɗi ba ya saye, wato suna. Ribar kuma ba ta daɗe ba ta fito fili. A watan Oktoba na 2022 aka yi gasar cin kofin duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 17 a Indiya, kuma Bankole Olowookere ne ya jagoranci tawagar Nijeriya, da 'yan wasan kulob ɗinsa a ciki, irin su 'yar baya Tumininu Adeshina. Suka fitar da Amurka da bugun fenariti, Kolombiya ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe, sa'an nan suka doke Jamus da bugun fenariti bayan an tashi 3 da 3, suka zo na uku a duniya. Nijeriya ba ta taɓa kai wannan matsayi a gasar ba sai a wannan karo.

TO, INA AREWA?

A cikin ƙungiyoyi 14 na waccan kaka, huɗu ne kacal daga tsohuwar Jihar Arewa: ta Lafiya, ta Lakwaja, ta Yola, da ta Abuja. Babu ko ɗaya daga Kano, ko Katsina, ko Sakkwato, ko Kaduna, ko Neja. Ba kuwa don Jihar Neja ba ta san daɗin ƙwallo ba ne. Niger Tornadoes ta Minna ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a shekarar 2000 bayan ta doke Rangers ta Inugu, kuma babban filin wasa na Minna ma sunan Bako Kontagora yake ɗauke da shi. Haka nan ba don Arewa ba ta taɓa ganin wasan mata ba ne, domin lokacin da Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar matan Afirka a 1998, a Kaduna da Abekuta aka yi wasannin. Halimatu Ayinde, wadda ta yi shekaru tana riƙe wa Super Falcons tsakiya, haifaffiyar Kaduna ce.

Dalilan a bayyane suke, kuma ba daidai ba ne a yi masu kallon raini. Na farko shi ne sutura da kunya. Uba a Kontagora, garin Sarkin Sudan, garin da jikan Shehu Usmanu, Umaru Nagwamatse, ya kafa, ba zai ji daɗi a ce ga 'yarsa can da gajeren wando tana gudu a gaban maza ba, kuma ko shi ya yarda, sai ya yi tunanin abin da dangi da maƙwabta da masu neman aurenta za su ce. Wannan ra'ayi ya taɓa kai wa ga hukuma, domin a shekarar 2000 Jihar Zamfara ta ba da sanarwar hana ƙwallon mata.

Na biyu shi ne tsaro. A shekarar 2021 ɗin nan da 'yan matan Abuja ke murnar hawa, a cikinta ne 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kagara a watan Fabrairu, suka kuma kwashe yara fiye da ɗari daga wata Islamiyya a Tegina a ƙarshen watan Mayu. Tegina kuwa a kan hanyar Kontagora zuwa Minna take. Uwar da ta ga wannan da idonta, da wane baki za a ce mata ta bar 'yarta ta shiga mota kowane mako ta nufi Fatakwal?

Na uku shi ne rashin tsani. Yarinya takan yi guje-guje da tsalle-tsalle a firamare, wata ma ta taɓa ƙwallo a sakandare ko a bariki, ta fi 'yan'uwanta maza iyawa. Daga nan sai hanya ta yanke. Babu gasar makarantu mai ɗorewa, babu mace mai horarwa, babu filin da aka keɓe, babu kulob na kusa. Baiwar sai ta mutu a tsakar gida ba wanda ya sani.

DUNIYA TA MOTSA

Amma fa wasu daga cikin waɗannan dalilai sun soma sassautawa a wasu wurare. Tun shekarar 2014 masu tsara dokokin ƙwallo na duniya suka halatta wa mata yin wasa da lulluɓin kai, kuma a gasar cin kofin duniya ta 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta shiga fili da hijabinta. Dogon wando da riga mai dogon hannu ba su saɓa wa dokar wasa ba. Saudiyya ta buɗe babbar gasarta ta mata a 2022, har 'yan Nijeriya suka tafi can neman abinci: Ashleigh Plumptre ta koma Al-Ittihad ta Jidda a 2023, Asisat Oshoala kuma ta koma Al-Hilal a 2025. Ita Oshoala ɗin, wadda Musulma ce, ta sha faɗa cewa iyayenta ba su so ta yi ƙwallo ba da fari, ga shi kuwa sau shida ana zaɓenta gwarzuwar Afirka. Ko Ingila da ake ganin uwar ƙwallo ce, sai da hukumarta ta hana mata wasa a filayenta na tsawon shekara hamsin, daga 1921.

Batun abin duniya kuma ya canza. A ranar 26 ga Yuli, 2025, Super Falcons suka farfaɗo daga ci 2 da nema suka doke Maroko 3 da 2 a Rabat, suka ɗauki kofin Afirka karo na goma. Da suka dawo, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar kyautar kuɗi daidai da Dala 100,000 ga kowace 'yar wasa, da gida, da lambar girmamawa ta ƙasa. Wannan rabo ne da ake yi da sunan Nijeriya baki ɗaya, amma garin da bai reni 'yar wasa ba, ba shi da hannun karɓa.

DARASIN DA KE CIKI

Ba wanda ke cewa gobe da safe a kafa kulob ɗin Firimiya a Kontagora. Abin da shekarar farko ta Naija Ratels ta nuna shi ne, ba sai an jira gwamnati ba, ba kuma sai an sayo taurari ba. Mutum ɗaya mai niyya, da mai horarwa wanda ya san aikinsa, da yara waɗanda iyayensu suka amince, sun isa a soma. Amincewar iyayen nan kuwa ita ce ginshiƙi, kuma ba a samunta da gardama ko gori. Ana samunta ne in uba ya ga filin a killace yake cikin makarantar 'yan mata, malama mace ce ke kula da su, suturar ta rufe jiki, wasan bai hana karatu ko salla ba, kuma kafin magariba 'yarsa tana gida.

Kontagora ta daɗe da zama cibiyar horon malamai, tana da makarantun 'yan mata, tana da attajirai da manyan ma'aikata da tsofaffin hafsoshin soja waɗanda ɗaukar nauyin gasar makarantu ta shekara-shekara ba zai girgiza aljihunsu ba. In aka soma daga nan, ko ba a fitar da 'yar wasan ƙasa ba, an sami yara masu ƙoshin lafiya da ladabin aiki tare. In kuma Allah ya sa a cikinsu akwai mai baiwa, to, ta sami matakin farko na tsanin da zai kai ta Minna, ya kai ta Abuja.

Masu iya magana sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. 'Yan matan Abuja sun tashi sun bi nasu, sun kuma dawo da abin nunawa tun a fitarsu ta farko. Saura a ga ko iyaye da malamai da masu hannu da shuni na garin Nagwamatse za su zauna su duba lamarin da idon basira, su yanke abin da ya dace da addininsu da al'adarsu da kuma amfanin 'ya'yansu mata.